Aikin antirim ko kontiragi kai tsaye: wanne ya fi riƙe mutum a Yamai?

Duk wanda ya daɗe yana yawo da dosiye a Yamai ya san irin wannan kiran. Waya ta yi ƙara, a ce maka an ga takardunka, akwai aiki a banki kaza ko a kamfanin waya kaza, ka zo gobe da safe. Sai ka je ka tarar ashe ba bankin ne zai ɗauke ka ba. Wani kamfani ne daban, mai biro ɗaki biyu a Plateau ko Yantala, shi zai sa hannu da kai, shi zai biya ka, bankin kuwa wurin aiki ne kawai. Wannan shi ake kira aikin antirim. Daga nan shakka take farawa: in karɓa, ko in jira wanda zai ɗauke ni da kansa? Wanda yake da ɗan aikinsa a hannu, ko da albashin bai taka kara ya karya ba, tasa tambayar ta fi nauyi, don shi akwai abin da zai saki.

Mafi yawanmu da albashi muke auna wannan magana, alhali albashi ne ya fi saurin ruɗin mutum. Abubuwa uku ne ke nuna ko aiki zai riƙe ka: wa ya sa hannu a takardarka, me zai faru ranar da aka ce an gama, da kuma ko sunanka yana CNSS, wato asusun ƙasa na fansho da kariyar ma'aikata.

Dokar ƙwadago ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta san da aikin wucin gadi ta hannun kamfani. Ba haramtaccen abu ba ne. Sai dai a kan takarda biyu aka gina shi. Ta farko tsakanin kamfanin antirim da mai bukatar ma'aikata, wanda su suke kira kiliyan. Wannan ba za ka gan ta ba, ba ka san nawa ake biya a kanka ba, ba ka san ranar da za ta ƙare ba. Ta biyu ita ce tsakaninka da kamfanin antirim, kuma ita kaɗai ce taka. A idon doka ubangidanka shi ne wannan kamfani, ko da ba ka taka bironsa sai ranar karɓar takardar albashi. Shugaban sashen da ke ba ka umarni kullum, wanda ke yi maka faɗa in ka makara, wanda ka je sunan ɗansa, ba shi ya ɗauke ka ba. Abin kamar kujerun haya ne na biki: mai biki ya zauna a kai har dare, in taro ya watse mai kujeru ake kira ya zo ya kwashe. Shi ya sa ranar da matsala ta taso za ka ji an ce maka, cikin ladabi ma: "Malam, ai kai ba ma'aikacinmu ba ne, je ka ga kamfaninku."

Ranar da aka ce an gama

A nan ne bambancin yake da girma, kuma a nan ya kamata mutum ya fi tsayawa.

Mai CDI, wato kontiragi marar wa'adi, ba a korarsa da baki kawai. Sai da dalili karɓaɓɓe, sai a rubuce. In ba babban laifi ya yi ba, dole a sanar da shi tun da wuri, galibi wata ɗaya ga mai albashin wata, wata uku ga manyan ma'aikata, ko kuma a biya shi kuɗin wannan lokaci. In ya cika shekara yana aiki yana da kuɗin sallama, wanda ake lissafawa da yawan shekarun da ya yi. In kamfani ya ce tattalin arziki ne ya sa zai rage mutane, akwai wakilan ma'aikata da sufeton ƙwadago da za a bi ta kansu. Ban ce duk kamfanonin Yamai suna bin wannan sau da ƙafa ba. Amma korar mai CDI tana da tsada, kuma wannan tsadar ita ce kariyarsa.

Mai CDD, wato kontiragi mai wa'adi, kai tsaye da kamfani yana tsakiya. Kontiraginsa ba ya wuce shekara 2, ana iya sabunta shi sau ɗaya. Kafin wa'adi ya cika ba a yanke shi haka nan, sai da babban laifi, ko yarjejeniyar ɓangarorin biyu, ko wani abin da ya fi ƙarfin kowa. Amfaninsa shi ne ka san ranar, ka san watannin haya nawa za ka iya biya ba fargaba. Aibinsa kuma ranar tana zuwa, kuma ba wanda aka tilasta wa ya sabunta.

Ɗan antirim shi ma yana da takarda, ita ma takan ɗauki wa'adi. Amma duba da kyau yadda aka rubuta wa'adin. Wani lokaci kwanan wata ne sarai. Wani lokaci kuma za ka ga an ce aikin zai ƙare "in bukatar kiliyan ta ƙare". Wannan ɗan layin shi ne dukan maganar. Ma'anarsa, aikinka yana rataye da wata takarda da ba ka taɓa karantawa ba. Kiliyan ya canza kamfanin antirim don ya samu mai rahusa, kun tafi ku duka, ko da ba wanda ya yi laifi. Sabon darakta ya zo yana son rage kashe kuɗi, ku ne farko, don rage ku ba ya bukatar zama da wakilan ma'aikata ko biyan kuɗin sallama na shekaru. Wasiƙa ɗaya ce zuwa ga kamfaninku. Kada mu yaudari kanmu, wannan sauƙin rabuwa shi ne abin da kiliyan yake saya. Da yana son ya riƙe ka shekara goma da ya ɗauke ka da kansa, ya huta da biyan ladan mai tsakiya.

Wanda ke son ganin yadda wannan bambanci yake a zahiri ya tuna da kamfanin haƙar uraniyom na COMINAK. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙarsa ta Akouta, kusa da Akokan da Arlit, bayan fiye da shekara 40 tana aiki. Ma'aikatan kamfanin na kansa, kimanin 600, an yi musu tsarin sallama da kuɗi da kulawar lafiya na wani lokaci. Ɗaruruwan da ke aiki a wuri ɗaya ta hannun kamfanonin da aka ba kwangila kuwa sun yi ta kokawa cewa tsarin bai haɗa da su kamar sauran ba. Kwangila da antirim ba abu ɗaya ba ne a doka, amma ginin iri ɗaya ne: rami ɗaya, ƙura ɗaya, sai dai sunan da ke saman takarda ya bambanta, kuma ranar rufewa wannan sunan aka duba.

To amma kada wannan ya sa a ɗauki kontiragi kai tsaye tamkar ƙarfe. Shekarun nan sun koya wa Yamai darasi. Takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da rufe iyakar Benin sun taɓa masu sufuri da masu fiton kaya da duk wanda cinikinsa ke bi ta Kwatano. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, ayyukan ƙungiyoyin agaji da dama suka tsaya, kuma mutanen da ke da takarda kai tsaye da ƙungiyarsu su ma sun koma gida. CDI a kamfanin da ke tangal-tangal bai fi ƙarfin kamfanin ba. Bambancin dai shi ne mai CDI yakan fita da wani abu a hannu, ko aƙalla da wanda zai kai ƙara.

Kuɗin da ake gani da wanda ba a gani

Ga misali, don lissafi kawai. An yi maka tayin jika 150 ta hannun kamfanin antirim, ga kuma CDD kai tsaye na jika 120 a wani ƙaramin kamfani. Kowa a fada zai ce maka ka ɗauki na 150. Kafin ka amsa, tambayi ko 150 ɗin kafin a cire ne ko bayan an cire. Ana cire wa ma'aikaci kashi 5.25 cikin 100 na CNSS, ubangida kuma ya ɗora kashi 16.4 daga aljihunsa. A kan jika 150, naka sefa 7,875 ne, na ubangida sefa 24,600. In kamfanin bai yi maka rajista ba, ko ya cire naka bai kai ba, kusan jika 32 da rabi ke nan duk wata da ya kamata a zuba da sunanka ba a zuba ba. Ga hutu: doka ta ba ma'aikaci kwana 2 da rabi a kowane wata, wato wata guda a shekara da albashinsa. Wanda ake sabunta masa takarda wata uku-uku, in ba a biya shi kuɗin hutun a ƙarshen kowace takarda ba, ya yi asarar jika 12 da rabi a wata bai sani ba. Haɗa su ka gani, jika 30 ɗin da ta ruɗe ka ta narke har da ƙari.

In kuwa kamfanin antirim ɗin na ƙwarai ne, yana zuba CNSS, yana biyan hutu, yana lissafa awannin da suka haura 40 a mako, to jika 150 ɗin gaskiya ce, kuma ta fi. Akwai irinsu. Manyan kiliyan, musamman bankuna da ƙungiyoyin waje, sukan nemi shaidar cewa kamfanin yana biyan CNSS kafin su ba shi aiki, don su ma ba sa son abin kunya.

Abin da ba ya fitowa a lissafi shi ne ranar biya. Mai aiki kai tsaye albashinsa daga asusun ubangidansa yake fitowa. Ɗan antirim kuɗinsa sai ya bi ta hannu biyu. Ƙaramin kamfani marar jari yakan jira kiliyan ya biya shi kafin ya biya ku, kiliyan kuma yana iya ɗaukar wata biyu yana jujjuya takarda. "A yi haƙuri, kiliyan bai biya ba tukuna." Mai gidan haya a Talladje ko Bukoki bai san wani kiliyan ba, haka ma mai kantin da kake ɗaukar shinkafa bashi. A doka wannan uzuri ba ya tsayawa, kamfanin da ya ɗauke ka shi ke da nauyin biyanka a kan lokaci. Amma doka ba ta sayen gas ranar 5 ga wata.

Sauran abubuwan da ke bin mai aiki kai tsaye sanannu ne, ba sai na ja ba: inshorar likita, kuɗin sallah, albashin wata na 13 a inda ake bayarwa, ƙarin girma, horo. Za ka zauna teburi ɗaya da wanda ke da su duka, kai ba ka da ko ɗaya. Banki ma in ka je neman bashin fili ko na babur, abin da zai fara tambaya shi ne irin kontiraginka da wa'adin da ya rage masa. Ga mata akwai ƙarin magana. Hutun haihuwa mako 14 ne a doka, kuma ba a korar mace don ta yi ciki. Sai dai ba a bukatar a kori wadda takardarta ke ƙarewa bayan wata uku. Shiru kawai za a yi, a ƙi sabuntawa. Yaya, in kina shirin aure ko haihuwa a shekara mai zuwa, ki sa wannan a ma'auni tun yanzu. Haka zancen ƙungiyar ƙwadago. USTN da CDTN da CNT suna nan, doka ba ta hana ɗan antirim shiga ba, amma wanda sabunta takardarsa ke hannun mutum ɗaya ba kasafai yake ɗaga murya ba.

Haɗari a wurin aiki ya fi tayar mini da hankali, musamman ga direbobi, masu gadi, masu walda da masu ɗaukar kaya a Zone industrielle. Wurin na kiliyan ne, injin nasa ne, amma sanar da CNSS aikin ubangida ne, wato kamfanin antirim. In ba ka da lamba, ranar da yatsa ya tafi kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Zaɓin da ya fi yawa ba wannan ba ne

Duk abin da na faɗa a sama ya ɗauka cewa kana da CDI ko CDD a ɗaya hannun. Mutum nawa ne a Yamai ke da wannan gatan? Mafi yawan masu aiki a ƙasar nan ba su da takarda ko kaɗan. Zaɓin gaskiya ga matashin da ya fito daga Jami'ar Abdou Moumouni ko wata makarantar sana'a shi ne: antirim, ko tsaron shagon Alhaji a Katako da alkawarin baki, ko sitaji marar albashi da ake ta sabuntawa, ko zaman fada ana jiran konkur. A wannan ma'aunin antirim mai CNSS ya fi, nesa ba kusa ba. Alhaji yana iya zama mutumin kirki, ya yi maka aure ma, amma ranar da ya rasu ko kuka ɓata, shekarunka ba su rubuce a ko'ina. Mafi ƙarancin albashi a doka ya daɗe a sefa 30,047 tun 2012 kafin gwamnati ta sanar da ɗaga shi zuwa jika 42, kuma wanda ba shi da takarda ko wannan ba ya iya nema.

Aikin gwamnati shi ne mafarkin iyaye, kuma da gaskiyarsu, lambar ma'aikacin gwamnati ta fi kowace takarda riƙe mutum. Amma hanyar doguwa ce: bautar ƙasa ta shekara 2, jiran a buɗe konkur, mutane dubbai a kan gurabe kaɗan. Malaman kontiragi na makarantun gwamnati sun san cewa ko a can akwai wucin gadin da ke ɗaukar shekaru. Antirim bai hana ka ajiye dosiye a konkur ba, bai hana ka riƙe katinka na ANPE, hukumar samar da aikin yi, ba. Zama ba aiki ne ke cinye mutum.

Akwai kuma abin da antirim ke bayarwa wanda zaman jira ba ya bayarwa: ƙofa. Wanda ba shi da kawu a ciki, ta nan yake shiga banki ko kamfanin mai ya ga yadda ake aiki, ya fita da takardar shaidar aiki. Lokacin da aka gina bututun mai daga Agadem zuwa Seme ta ƙasar Benin, kusan kilomita 2,000, ko lokacin da Yamai ta cika da gine-ginen otal da gyaran filin jirgin Diori Hamani don taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, kowa ya san aikin gini mai ƙarewa ne. Wanda ya fita da sana'a a hannu, walda, tuƙin babbar mota, lantarki, lissafin kuɗi, ya ci riba ko da aikin ya ƙare. Wanda aikinsa miƙa takarda ne ko tsayuwa a ƙofa ya fita yadda ya shiga. Don haka nauyin rashin tabbas ba ɗaya ba ne ga kowa: gwargwadon yadda wani zai iya sayen abin da ka iya gobe, gwargwadon yadda antirim ke rage zama haɗari gare ka.

Alkawarin "in ka yi ƙoƙari za su ɗauke ka bayan wata shida" kuwa, ka saurare shi da kunne ɗaya. Yana faruwa, amma ba mai faɗar ne ke da ikon cika shi ba. Tambayi waɗanda ka tarar a wurin shekara nawa suka yi, kuma mutum nawa suka gani an mayar ma'aikacin gida. Amsarsu ta fi ta mai biro.

Kafin ka sa hannu

Kamfanonin ba ɗaya ba ne, kuma rabe su ba wuya. Na ƙwarai yana da izinin ma'aikatar ƙwadago kuma ba ya jin haushi in ka nemi gani. Ba ya karɓar kuɗinka. Nijar ta amince a 2015 da yarjejeniya mai lamba 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ƙa'idarta ita ce kamfanin samar da aiki ba ya cajin ma'aikaci. Ladansa a wurin kiliyan yake. Wanda ya ce ka kawo jika 10 ta "buɗe dosiye", ko ya ce albashin watan farko nasa ne, ka ɗauki takardunka ka fita. Nemi kofin kontiraginka a ranar da ka sa hannu, ba "in patoron ya dawo" ba. Nemi a rubuta ranar biya. Tambayi kiliyan nawa suke da su, don kamfani mai kiliyan goma yana iya mayar da kai wani wuri in nan ya rufe, mai kiliyan ɗaya kuwa tare za ku faɗi. Duba ko akwai layin da ya hana kiliyan ɗaukarka kai tsaye, ko ya sa masa tara in ya yi. Bayan wata uku ko huɗu ka je CNSS da kanka da lambarka ka tambaya ko ana zubawa, kada ka tsaya ga abin da aka buga a takardar albashi.

In ba ka da komai a hannu, karɓi antirim, matuƙar kamfanin ya tsallake waɗannan tambayoyi, ka kuma ci gaba da neman wani tun daga watan farko. In kana da CDD da saura wata kaɗan kuma ba alamar sabuntawa, su biyun kusan ɗaya ne, bi wanda zai ƙara maka sana'a. In kana da CDI a wurin da ke biya a kan lokaci, ga iyali, ga ƴan makaranta, ni ba zan ba ka shawarar saki ba don ƙarin jika 30 ko 40, domin shekarun da ka tara suna mutuwa ranar da ka ajiye aiki da kanka, ba ka da kuɗin sallama. Sai fa in ƙarin ya kai yadda za ka iya ajiye albashin wata uku ko huɗu a gefe cikin shekara guda, kuma sana'arka irin wadda ake nema ce.

Saura wanda ya riga ya shiga, ya shekara uku ko huɗu a kujera ɗaya, aiki ɗaya, ana ta sabunta masa takarda. Wannan ya wuce abin da ake nufi da wucin gadi, kuma yana da dalilin zuwa wurin sufeton ƙwadago ya nemi a duba masa matsayinsa. Sufeto yakan fara da sulhu, in ya gagara sai kotun ma'aikata. Ya tafi da duk kontiragin da ya taɓa sa wa hannu da takardun albashinsa a jere wata-wata, ba da labarin baki ba. Ya kuma lissafa lokacin zuwan da kyau, don ƙarar da aka kai ana saura mako biyu takarda ta ƙare tana iya zama dalilin da ba za a sabunta ta ba. Gara ya fara da neman shawara a asirce, in da hali tare da abokan aikin da ke cikin hali irin nasa.